Idan Fuskarka Ta Cika Sikirin a Kiran Bidiyo, Nemo Wanda Ya Datse Hoton

Lissafi nake koyarwa ta intanet. Akwai ɗan farin allo a jikin bangon da ke bayana, a kansa nake warware tambayoyi. Wata Talata da yamma na buɗe darasi, na juya na fara rubutu ina bayani, sai wata ɗaliba ta buɗe makirfonta ta ce, "Malam, ƙeyarka kawai muke gani." Na waiwayo na dubi ɗan akwatin da ke nuna ni. Fuskata ta cika shi taf, daga goshi zuwa haɓa. Babu allo, babu kafaɗa. Alhali jiya-jiya, da wannan kyamarar, a kan wannan kujerar, allon yana fitowa har da gefen taga.

Abin ya dame ni ƙwarai, domin darasin minti 40 ne, kuma kusan 10 sun tafi a jan kujera da karkata kyamara, yara suna jira. Da daddare na zauna na bi abin daki-daki har na gano bakin zaren. Tun daga lokacin na gyara wa abokan aiki da dama irin wannan matsalar, kuma hanyar da nake bi ba ta canza ba.

Abu na farko da ya kamata ka riƙe: yawancin kyamarorin kwamfuta ba su da gilashin da ke matsowa ya ja baya kamar na masu ɗaukar hoto. Duk zuƙowar da ka gani yanka ce. Ana ɗaukar tsakiyar hoton, a watsar da gefe da gefe, sannan a buɗa abin da ya rage ya cika akwatin. Shi ya sa hoton da aka zuƙo yake fitowa dishi-dishi, kamar an shafa masa mai. Tun da yanka ne, to akwai mai riƙe da almakashin, kuma hannu uku ne ke iya riƙe shi: manhajar da kake kiran da ita, ko ita kwamfutar, ko kyamarar da manhajar kamfanin da ya ƙera ta. Mutane da yawa suna ɓata awa guda suna tone-tone a saitin Zoom alhali yankan a wani wuri aka yi shi.

Saboda haka kada ka fara da gyara. Fara da gwaji.

Rufe duk manhajar da ke amfani da kyamara, rufewa ta gaske. A Windows wasunsu suna laɓewa a kusurwar ƙasa kusa da agogo ko bayan ka danna alamar rufewa, sai ka bi su can ka fitar da su. Daga nan ka buɗe manhajar Camera da ke zuwa tare da Windows. Idan Mac ce, buɗe QuickTime Player, ka shiga File, ka zaɓi New Movie Recording. Zauna yadda ka saba zama, ka lura da abin da ke can ƙarshen hoton ta dama da ta hagu. Ni tef mai launi na yanka gida biyu na manna a bango, ɗaya a kowane gefen allon. In na ga tef biyun, hoton cikakke ne. In ɗaya ya ɓace, an taɓa wani abu. Kai ma ka samo alamarka, ko ƙofa ce, ko gefen labule.

Idan hoton ya fito da faɗinsa a wannan gwajin, kyamararka lafiya lau take, kwamfutar ma haka. Manhajar kiran ce ke datsewa. Idan kuwa a nan ma fuskarka ta cika wurin, ka ƙyale manhajar kiran, ba ruwanta.

Mu ɗauka manhajar kiran ce. A Zoom, shiga saiti ta alamar nan mai haƙora kamar giyar keke, ka zaɓi Video. A ƙarƙashin sunan kyamararka za ka ga ƙananan akwatuna biyu, "Original ratio" da "HD". Sa alama a HD tukuna ka dubi hoton gwajin da ke sama. A kyamarori da yawa nan take za ka ga bangon ya buɗe. In bai isa ba, gwada ɗayan, ka kunna ka kashe kana kallon alamominka. A sababbin nau'o'in manhajar akwai kuma "Auto-framing" a wannan shafin, in a kunne yake ka kashe shi. Kana iya gwada duk wannan ba tare da ka shiga taron kowa ba, ta shafin zoom.us/test.

Yana da kyau ka fahimci dalilin da ɗan akwatin HD yake yin wannan aikin, domin shi ne zai taimake ka a manhajar da ban ambata ba. Siffar hoton bidiyo iri biyu ce aka fi sani. Akwai tsohuwar siffa, 4:3, irin ta ɗigon hoto (pixel) 640 a faɗi da 480 a tsayi. Akwai mai faɗi, 16:9, irin ta 1280 da 720, ko 1920 da 1080. Ɗauki kyamarar da ke ba da 1920 da 1080. Manhaja ta ce ita 4:3 take so, sai a datse gefe biyu, faɗin ya dawo daidai da 1440. Sannan akwatin da za a nuna ka a ciki mai faɗi ne, sai a sake datse sama da ƙasa, tsayin ya dawo 810. Rubu'i ya tafi a faɗi, rubu'i ya tafi a tsayi. Abin da ya rage kusan kashi 56 cikin 100 ne kawai na hoton asali, kuma babu wanda ya taɓa maɓallin zuƙowa. Yanka biyu ne suka haɗu. Da zarar manhajar ta nemi hoto mai faɗi tun daga farko, duka biyun sun kau.

A Google Meet, danna ɗigo uku na ƙasa, shiga Settings, sai Video. Duba "Send resolution", ka ɗaga shi zuwa 720p (wato 1280 da 720) ko sama in an ba ka zaɓin. Nemi kuma saitin "Framing", wanda ke mai da fuskarka tsakiya da kansa. Wani lokaci a nan yake, wani lokaci sai ka shiga wurin da ake canza bangon baya, a ɓangaren Appearance. Akwai wani zaɓi kuma da malamai ya kamata su sani: ɗora linzami a kan akwatin hotonka, danna ɗigo uku, ka zaɓi "Show my full video to others". Wannan yana hana Meet datse gefen hotonka a wurin masu kallo.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi rikita mutane. Abin da kake gani a ɗan akwatinka ba lallai ne shi ake gani a can ba. Manhajojin nan suna jera mutane a sikirin kamar tayil, kuma in mahalarta suka yi yawa, ko wani yana kallo ta wayar da ya riƙe a tsaye, sai a datse kowa don ya shiga gurbinsa. A Microsoft Teams mai kallo ne yake da maganin wannan a hannunsa: ya danna maɓallin dama na linzami a kan hotonka, ya zaɓi "Fit to frame", sai cikakken hoton ya bayyana masa. Kai ba za ka iya yi masa daga wurinka ba. Na taɓa ganin wata abokiyar aiki ta kwashe kwana biyu tana zargin kyamararta, ashe mutum ɗaya ne cikin masu kallonta yake ganin ta a datse, saura duk lafiya suke ganin ta.

Hanyar da za ka tabbatar mai sauƙi ce. Buɗe taro kai kaɗai a kwamfuta, ka shiga shi da wayarka a matsayin baƙo. Kashe makirfon wayar, ka rage sautinta har ƙasa, in ba haka ba ƙarar nan mai huda kunne za ta tashi. Kwantar da wayar a kwance ka duba, sannan ka tsai da ita ka sake dubawa. Abin da ka gani a wayar shi ne gaskiyar abin da ke fita.

To idan gwajin farko ya nuna hoton a zuƙe yake tun kafin manhajar kira ta taɓa shi fa? Nan ne matsalata ta kasance. Ƙanena ne ya ari kwamfutar da safe ya yi ganawar neman aiki, ya kunna saitin da ke bin fuska yana ajiye ta a tsakiya. Daidai ya yi, domin shi fuskarsa ake son gani. Saitin ya zauna a kunne bayan ya tashi, ni kuma na zo da allona. Irin wannan saitin aikinsa ke nan: ya nemo fuska, ya matso da ita, ya zubar da duk abin da ya ɗauka ba shi da amfani. Ga mai zama wuri ɗaya yana magana, alheri ne. Ga malami, ko tela mai nuna ɗinki, ko mai fassara da yaren hannu wanda hannuwansa su ne maganarsa, cutarwa ce babba. Alamarsa ba ta ɓuya. Matsa gefe ɗaya a hankali. In hoton ya biyo ka bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu, shi ne.

A Windows 11, danna maɓallin Windows tare da harafin I don buɗe saiti, shiga "Bluetooth & devices", sai "Cameras", ka zaɓi kyamararka. Sababbin kwamfutoci masu guntun NPU (wanda aka keɓe don ayyukan AI) suna da abin da ake kira Windows Studio Effects, a cikinsa akwai "Automatic framing". Kashe shi. In kyamarar tana karɓar zuƙowa, za ka iya ganin ma'auninta a shafin, sai ka ja shi zuwa ƙarshen hagu. Akwai kuma maɓallin "Reset settings" da ke mai da komai yadda ya zo. Ka tuna zai share har da hasken da ka daidaita, sai ka sake gyara shi.

A kayan Apple sunan abin Center Stage. Ya fara fitowa a iPad Pro a 2021, inda kyamarar gaba take ɗaukar faɗin digiri 122, manhajar kuma ta riƙa yanko inda kake daga ciki. Daga baya ya shigo sikirin Apple mai suna Studio Display da wasu sababbin Mac, da kuma lokacin da aka haɗa iPhone a matsayin kyamarar Mac. Daga macOS Sonoma na 2023 zuwa sama, muddin kyamara tana aiki za ka ga koriyar alamar bidiyo a sandar da ke can saman sikirin. Danna ta, ka kashe Center Stage. Idan iPhone ko Studio Display kake amfani da shi, ɗora linzami a kan ɗan hoton da ke wurin, ma'aunin zuƙowa zai fito, ka ja shi baya har ya yi maka. A iPad kuwa, kana cikin kiran za ka jawo Control Center daga kusurwar sama ta dama, ka shiga saitin bidiyo ka kashe shi. Saitin yana bin kowace manhaja daban, don haka kashe shi a FaceTime ba ya nufin ya mutu a Zoom.

Saura kyamarar da ake sokawa ta USB. Manyan kamfanoni suna da manhajarsu ta sarrafa ta: Logitech yana da Logi Tune da G HUB, Elgato yana da Camera Hub, Razer yana da Synapse. A ciki za ka tarar da ma'aunin zuƙowa, a wasu kuma har da zaɓin faɗin gani. Logitech Brio, alal misali, tana ba ka digiri 65, ko 78, ko 90. Wanda aka bar masa ita a 65 zai rantse kyamarar ta lalace, alhali dannawa ɗaya ce tsakaninsa da 90. Bayan ka canza, rufe manhajar kiran ka sake buɗewa, domin wasu ba sa ɗaukar canjin sai an sake kunna kyamarar.

Kyamarar da ba ta da manhajar kamfani, ko kwamfutar da ba ta da shafin Cameras ɗin can, akwai wata ƙofa ta baya. Sauke OBS Studio, manhajar ɗauka da yaɗa bidiyo, kyauta ce. Ƙara kyamarar a matsayin "Video Capture Device", ka danna "Configure Video". A Windows wata tsohuwar taga za ta buɗe, a ɓangarenta na "Camera Control" akwai Zoom da Pan da Tilt. Mai da Zoom ƙasa, ko ka danna Default, sannan Apply. Wasu kyamarori suna mance wannan in an zare su, sai an sake.

Tun da na ambaci OBS, duba sunan kyamarar da manhajar kiranka ta zaɓa. In ka ga "OBS Virtual Camera" ko "NVIDIA Broadcast" a maimakon sunan kyamararka ta gaske, to hoton yana biyawa ta wata manhaja kafin ya iso, kuma can ake iya datse shi. NVIDIA Broadcast tana da nata "Auto Frame". A OBS kuma, in hoton ya fi filin girma, zaɓe shi ka danna Ctrl da F ya zauna daidai. In ba ka buƙatar su, zaɓi kyamarar kai tsaye, magana ta ƙare.

Akwai wani dalili da ba a cika kawo shi a rai ba, wato ramin USB. Bidiyon 1920 da 1080, hoto 30 a daƙiƙa, in ba a matse shi ba yana cin kusan megabit 1,000 a daƙiƙa, USB 2.0 kuwa iyakarsa 480. Dole kyamarar ta matse hoton ko ta rage girmansa, musamman in ka soka ta a ɗan reshen nan mai ramuka huɗu tare da makirfo da filasha suna rabon hanya ɗaya. Wasu kyamarorin in suka sauka zuwa ƙaramin girma, siffar hoton tana canzawa, gefe ya tafi. Zare ta daga reshen, ka soka ta a jikin kwamfutar kai tsaye, in da hali a ramin USB 3.0, wanda sau da yawa cikinsa shuɗi ne.

Batun direba, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane kyamarar, na bar shi baya da gangan. Shi ne abin da aka fi saurin ba mutum shawara a kai, kuma a ganina shi ne mafi ƙarancin zama sanadi. In duk na sama sun gaza, buɗe Device Manager na Windows, faɗaɗa Cameras, danna maɓallin dama a kan kyamarar, zaɓi "Uninstall device", ka sake kunna kwamfutar. Windows za ta mai da direban da kanta.

Wani lokaci kuma babu wanda ya datse komai, haka aka ƙera kyamarar. Nan lissafi yake shigowa, kuma ina so ka gan shi da lamba. Kyamara mai digiri 78, irin Logitech C920, in fuskarka tana nesa da ita da santimita 60, tana ɗaukar faɗin kusan santimita 85 da tsayin kusan 48. Kai da kafaɗu sun shiga, har da ɗan sarari a sama. Mai digiri 55 kuwa, a wannan nisan, faɗin kusan santimita 54 take ɗauka, tsayin kusan 31. Kan babban mutum daga haɓa zuwa tsakar ka ya haura santimita 20. Ka ga ke nan kanka kaɗai ya kusa cinye tsayin hoton, kuma babu saitin da zai ƙaro abin da gilashin bai gani ba. Amma ja da baya zuwa mita ɗaya, wannan ƙaramar kyamarar za ta ba ka faɗin kusan santimita 91 da tsayin 51, har ta ɗan fi abin da mai digiri 78 ta bayar a kusa. Nisa da faɗi tare suke tafiya, in ka ninka ɗaya ka ninka ɗayan.

Don haka kafin ka yi tunanin sayen sabuwa, raba kyamarar da sikirin. Yawancinsu suna da ramin dunƙule a ƙasa da ke hawa kan ƙafa uku, ko ka ɗora ta a kan kanta a bayan tebur, daidai tsayin idonka. In ta laftof ce da ba ta ciruwa, tura laftof ɗin baya, ka ɗora shi a kan littattafai, ka haɗa madannai da linzami na waje. In sayen ya zama dole, lambar digirin za ka duba a jikin kwali kafin ka dubi 4K ko 1080p, kuma ka sani yawanci daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna ta, faɗin gaske ya ɗan gaza haka. Ga mutum ɗaya a tebur 78 ta wadatar. Ga mai allo ko mutum biyu, 90. Fiye da haka ɗakinka gaba ɗaya zai fito, fuskarka ta ƙanƙance, gefen hoton ya fara lanƙwashewa.

Abu ɗaya zai biyo bayan ja da bayan, kuma ɗalibaina ne suka fara gaya mini: makirfon da ke jikin kyamarar shi ma ya yi nisa, murya ta koma kamar daga cikin rijiya. Ranar da na mai da kyamarata mita ɗaya da rabi don allon ya shiga duka, sai da na koma saitin sauti na zaɓi makirfon abin kunnena a maimakon na kyamarar, na yi rikodin na daƙiƙa 20 ina rubutu ina magana da bayana a juye, na saurara, sannan na buɗe wa yara darasi.